Maganin rangajin jirgi yana kan hancinsa

Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka riƙa ɗaga gabansa a hankali. Da farko iska za ta ɗaga shi lafiya lau, can kuma sai ya fara karkarwa, ka rasa ikonsa. Haka jirgin yaƙi yake idan ya ɗaga hanci da yawa ga iskar da ke tunkaro shi. Iskar kan naɗe ta zama guguwa biyu a gefen hancin, dama da hagu. Da zarar ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, sai jirgin ya kama rangaji, wannan fiffike ya sauka, wancan ya tashi, ba tare da matuƙi ya taɓa komai ba. Ita kuwa wutsiyar da ake juya jirgi da ita, a lokacin ta shige bayan fikafikai inda iska ta hargitse, ba ta da katabus.

Tun da zama ya kawo ni Amurka nake bibiyar gwajin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi da wani jirgin gwaji mai suna F-18 HARV a sansanin sojan sama na Edwards, cikin hamadar Kalifoniya, daga 1987 zuwa 1996. Hanyoyi biyu suka gwada. Ta farko, sun ɗaura faranti a bakin injin don karkatar da wutar da ke fita, har jirgin ya iya tafiya daram hancinsa ɗage da kusan digiri 70 ga iskar da ke tunkaro shi. Abin burgewa ne, amma na'urar ta ƙara masa nauyin kusan tan ɗaya.

Ta biyun ce ta kwanta mini a rai. A 1995 suka saka wasu siraran faranti biyu a gefen hancin, tsawon kowanne ƙafa 4, faɗinsa inci 6 kacal. Idan aka buɗe na gefe ɗaya, sai ya ture guguwar wannan gefen, hancin ya juya inda ake so. Da yake hancin yana nesa da tsakiyar nauyin jirgin, ɗan ƙarfi kaɗan ya wadatar.

Na yarda, farantin hanci ba ya tsinana komai idan jirgi na tafiya a miƙe, kuma idan gudu ya ragu ainun, inji ne kaɗai ke da sauran ƙarfi. Duk da haka, in ana maganar rangaji, ni ina bayan masu gyara guguwar tun a hancin da ta taso, kafin ta kai ga fiffike.