Kundin Digirin Digirgir Ya Hau Kanta, Ina Kayan Binciken Suka Shiga?

Kowace shekara ana kare kundayen digiri na uku a kan finafinan Hausa da littattafan soyayya da waƙoƙin zamani a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Ɗalibi zai shafe shekara huɗu ko biyar yana tara littattafai da fayafayai da hirarraki. In ya kare, sai a ɗinke kundin a ɗora a kanta, kayan da aka gina shi a kansu kuma su ƙare a buhu ƙarƙashin gado, ko a cikin wayar da za ta mutu baɗi. A ganina bai kamata a sa hannu a kan kundin da ya shafi kafafen yaɗa adabi ba, sai ɗalibin ya miƙa kayan bincikensa a tsare tare da shi.

Dalili na farko shi ne, a adabinmu hanyar da labari ya bi ya isa ga mutane tana sauya labarin kansa. Ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya sun bi ta hannun Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar, an kuma tace su da makarantu a rai. Littafin da aka buga a Kano a shekarun 1990 kuwa yakan fito kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa don jarin marubuci bai kai ya buga shi gaba ɗaya ba, sai cinikin na farko ya biya kuɗin buga na biyu. Shi ya sa ake yanke labarin daidai inda amarya ta ɓace ko asiri ke shirin tonuwa. Wanda ya zauna ya feɗe jigo da salo da zubi da tsari, bai san wannan lissafin kasuwa ba, zai kira abin gwanintar jan hankali kawai ya wuce. Yau marubuciyar onlayin tana sakin labari shafi-shafi a zauren WhatsApp, masu karatu na tsoma baki, wani lokaci har a sauya wa tauraruwa miji saboda zaure ya yi caa. Wane matanin za a nazarta a nan? Wanda aka haɗe daga baya ya zama fayil guda, ko wanda aka riƙa sakinsa kullum da dare tare da gardamar masu karatu?

To, waɗannan kaya ba sa daɗewa. Littattafan da masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano yawancinsu a kan takarda mai araha aka buga su, da dama babu shekarar bugu, babu lambar ISBN. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce mai buga littafi ya ajiye kwafi uku, amma wa ya bi ta kanta a Sabon Gari? Mai bincike yakan gano shekarun irin wannan littafi ta gefe: farashin da ke bango, tallan littattafan da ke tafe a shafin ƙarshe, da lambar wayar maɗaba'a. In lambar ta fara da 064 ta wayar tebur ta Kano, akwai alamar tsohon bugu ne. In ta salular GSM ce, littafin ko aƙalla wannan bugun nasa bai riga 2001 ba. Wannan aiki yana cin makonni, kuma in ba a rubuta shi a jadawali an ajiye ba, ɗalibin da zai zo bayan shekara biyar daga farko zai soma. Abin kunya ne a ce tarin da masanin Hausa Graham Furniss ya yi a jami'ar SOAS ta Landan ya fi sauƙin samu ga mai neman wasu littattafan fiye da garin da aka buga su. Kada kuma a manta an taɓa ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007.

Fim ya fi wahala. Kaset ɗin bidiyo yana yin fumfuna in ya sha damina a ɗaki mai laima, zafi kuma yana manne zaren. Faifan CD yana karcewa, rufinsa na ɓarewa. Juyar da kaset zuwa kwamfuta ba ya gaggautuwa: fim na awa biyu awa biyu zai ci, ban da neman na'urar da kanta bai lalace ba. Wanda ya ce zai nazarci finafinai hamsin na kafin 2003 ya ware aƙalla awa ɗari don juyi kawai. Abin da ke YouTube ba madadin asali ba ne, domin sau da yawa an yanke tallace-tallacen farko da sunayen ma'aikata, alhali nan ne tarihin sana'ar yake. Sai a haɗa da mujallun Fim da Tauraruwa, da bayanan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2001, don tabbatar da shekara.

WhatsApp kuwa rubutu ne a kan ruwa. Saƙo na iya goge kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, mai zaure na iya rufe shi dare ɗaya, marubuciya na iya janye labarin in ta mai da shi na kuɗi. Ɗaukar hoton fuskar waya bai wadatar ba, don ba a iya binciken kalma a cikinsa. A fitar da hirar zauren a matsayin rubutu duk mako, da ranaku da lokuta, bayan an nemi izinin mai zaure da marubuciya. Lambobin wayar masu karatu kuma a share su, a sa musu alama, domin bayanan mutane ne da dokar kare bayanai ta 2023 ta shafa, kuma da yawansu mata ne da ba za su so a ga abin da suka faɗa a cikin kundi ba. Akwai wani tarko ƙarami mai ɓata lissafi: masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya. Wanda ya nemi "ƙauna" a kwamfuta ba zai ga "kauna" ko "qauna" ba, sai ya fito da alƙaluman da ba su kai rabin gaskiya ba. A ajiye matanin yadda aka rubuta shi, a yi wani kwafin daban mai daidaitaccen rubutu.

Hira ma haka. Rubuta hirar awa ɗaya yakan ci awa biyar zuwa shida, wato hira talatin ta doshi awa 180. A ajiye sautin a wuri uku, ɗaya ba a gida ɗaya da sauran ba.

Za a ce digirin digirgir tunani ne, ba tara kaya ba. Haka ne, amma mai jarrabawa na waje da aka kawo masa kundi mai cewa "yawancin marubuta mata" suna yin kaza, da me zai auna? Rashin kayan a gabansa ne ke ba da damar a ɗauko ra'i, wato tsarin nazari, da aka gina a kan adabin Faransa, a liƙa shi a babi na biyu, a tsinto misalai goma da suka dace, a yi shiru da sauran. Za a kuma ce akwai haƙƙin mallaka, ga tsoron wani ya zo ya kwashi wahalar ɗalibi a ɓagas. Wannan kuka yana da tushe, kuma maganinsa sananne ne: a rufe kayan shekara biyu ko uku har mai su ya buga maƙalunsa, daga baya a buɗe su ga masu bincike a ɗakin karatu kawai, ba a watsa a intanet ba. Wuraren ajiyar ma akwai su, irin Gidan Arewa da ke Kaduna da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero. Abin da za a buƙata daga ɗalibi bai wuce ma'ajiyar kwamfuta guda da takardun izini da jadawali mai nuna sunan kowane abu, da inda aka samo shi, da ranar da aka samo shi, da halin da yake ciki ba. Tun ranar gabatar da shawarar bincike ya kamata malami mai duba aikin ya nemi ganin layukan farko na wannan jadawali, kafin a shiga zancen ra'i.