Bitar kwana ɗaya ba ta koya wa ma'aikaci ƙirƙirarriyar basira

Watan jiya aka kai mu bita a wani otal kan ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini. Daga ƙarfe goma har la'asar mai gabatarwa yana ta haska rubutu a bango. An sha shayi, an ci shinkafa da kaza, an raba takardar shaida, an ɗauki hoto. Ranar Litinin kowa ya koma kan abin da ya saba. Na san wasu za su ce na cika ƙorafi, amma kuɗin da aka kashe a ranar da an ba ni su da na san inda zan sa su.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a ofishinmu. Muna da wani dattijo da muke kira Baba Akawu, ya kusa shekara 30 yana rubuta wasiƙun aiki. Muna kuma da wani ɗan bautar ƙasa, yaro mai kaifin kai, wanda waya ba ta barin hannunsa. Oga ya ce a rubuta wasiƙa zuwa wata ma'aikata. Kafin Baba ya gama neman biro, yaron ya riga ya fito da ita daga firinta, Turanci tsaf kamar na Ingila. Baba ya sa tabarau ya karanta a hankali, sai ya ɗora yatsa a layi na huɗu ya ce, "Ɗana, wannan lambar takardar umarnin a ina ka samo ta?" Yaron ya ce, "Baba, ai ita ta ba ni." Aka duba fayil, babu wannan takarda, ba a taɓa yin ta ba. Manhajar ce ta ƙirƙiro ta, har da kwanan wata.

To nan giɓin yake. Wanda ya san aiki yana tsoron taɓa na'urar, wanda ya iya na'urar bai san aikin ba tukuna. Su kuma masu shirya bita sun ɗauka matsalar ita ce mutane ba su iya rubuta mata tambaya ba. Wannan ai cikin rabin awa ake koyon sa. Tun 2024 Meta AI ke cikin WhatsApp a Najeriya, masinjanmu ma yana hira da ita. Abin da ke da wuya shi ne ka gane lokacin da ta shirga maka ƙarya, domin ba ta in-ina idan za ta yi. Asalin aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, bisa tarin rubutun da aka horar da ita da shi. Idan wuri ya yi kama da inda ake sa lamba, sai ta sa lamba.

Kada a ce ƙarancin ilimi ne irin namu. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka sun shigar da takardu kotu a wata ƙara da aka kai kamfanin jiragen Avianca, ɗauke da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ta ƙaga musu. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi fa, masu lasisi. A wannan shekarar dai kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirri na kamfani a ciki. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, don na taɓa ganin wani ya kwafi jadawalin albashi gaba ɗaya, da sunaye da lambobin asusun banki, ya liƙa wa manhaja ta jera masa. Muna da dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma a bitar nan ko sau ɗaya ba a ambace ta ba.

Ina yaba wa shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Sai dai galibin masu shigarsa matasa ne masu neman hanyar shiga harkar fasaha. Ina maganar wanda ya riga ya zauna a kujera ne, magatakarda da mai kula da sito da malamar da ke haɗa jadawalin jarrabawa. Su wa zai koya musu? Tarayyar Turai a Fabrairun 2025 ta ɗora wa masu amfani da wannan fasaha a wuraren aiki nauyin tabbatar da ma'aikatansu sun fahimce ta. Mu a nan oga zai ce kowa ya koya, amma ba zai sayi data ba, janareta ma sai an yi baƙi ake tayarwa.

Kuma a daina kunyata dattawa. Ranar bitar Baba ya yi tambaya aka yi dariya, bai sake buɗe baki ba har aka tashi. Mutumin da shi kaɗai a zauren zai iya kama kuskuren na'urar!

Ni abin da na yi ba wani babba ba ne. Na roƙi Oga ya bar su su biyun su riƙa zama tebur ɗaya na rabin awa bayan sallar azahar, a kan aikin da ke gabansu na ranar. Yaron ya buga, Baba ya gyara, ya kuma faɗi dalilin gyaran. Muka yi ƙa'ida biyu: suna ko lambar asusun wani ba ya shiga manhaja, kuma duk lamba ko kwanan watan da ta bayar sai an gan shi a fayil. A mako na uku na tarar da Baba shi kaɗai yana bugawa da yatsa ɗaya, yana yi mata faɗa wai ta cika dogon Turanci, ta rage wasiƙar ta koma sakin layi biyu. Ta kuwa rage. Yaron saura masa wata huɗu ya gama bautar ƙasa, kuma jiya na ji yana tambayar Baba yadda ake jera lambar fayil.