Yoyon da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Tun a watan Maris, lokacin da zafin bazara ke sa kwanon gidanmu ƙara ƙas-ƙas da tsakar rana, uwargida ta fara: "Malam, a kira kafinta ya duba rufin nan kafin ruwa ya sauko." Na ce mata rufin da ya yi shekaru bai kai ƙarar kowa ba, ba a tayar masa da hankali. Ta sake tayar da maganar a Afrilu, ranar da aka yi iskar nan ta farko mai kwashe ledojin Tudun Wada ta rataye su a wayoyin lantarki. Na ce ai hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma na saurara da kyau a rediyo, ban ji an ambaci rufina ba. Ta ce, "To, Allah ya kyauta." Wanda ya yi aure ya san irin wannan "Allah ya kyauta" ɗin, ajiya ce aka yi, za a zo ɗauka.

Daminar Kaduna ba ta wasa ba ce. Mutumin Kano yana iya yin sakaci da rufinsa har Yuni, mu kuwa tun ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu ake fara jiƙa mu, ba a sallame mu sai Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000. Duk da haka Mayu ya wuce lafiya, Yuni da Yuli ma haka. Kullum aka ɗauke ruwa sai na ɗaga kai na kalli silin, sannan na kalli uwargida, na yi gyaran murya.

Sai Agusta ya kama, malka ta kankama. Wani dare hadari ya haɗo daga gabas, masu wuta suka ɗauke abarsu tun kafin ɗigon farko kamar yadda suka saba. Cikin barci na ji ɗis a kan tumbina. Gadon nan faɗi gare shi, amma ruwan bai ga ɓangaren uwargida ba, sai nawa. Na ja gado gefe, na sa bokiti. Kafin na kwanta wani ya ɓullo ta wajen durowa, na sa robar wanki. Kafin asuba an fito da tukunyar tuwo, da kwanon sha, da wata kular abinci ta kayan jerenta wadda ko baƙon Sallah ba a zuba wa abinci a ciki. Bokiti yana ƙwal, tukunya tana tal, yara sun farka suna ta murna, autanmu har da rawa.

Da gari ya waye na buga wa kafinta waya. Kafinta a watan Agusta sarki ne, sai dai ba a yi masa naɗi ba. Ya ce yana Kawo, daga nan zai wuce Barnawa, sai jibi in Allah ya kai mu, sannan ya faɗi kuɗin da ya sa na cire wayar daga kunne na duba ko lambar likita na kira. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, da a bazara ka neme ni, da rabin wannan ya ishe ka, don kwano a bushe yake, mu ma muna zaune." Na ce ya bar shi kawai. Huda ce fa. Mutum da iliminsa, ya kasa toshe huda?

Na nufi kasuwar Panteka na sayo kwalta da kusoshi masu hula da guduma sabuwa fil, na aro tsani a wurin Alhajin da muke katanga ɗaya. Kuma ban hau da ka ba, sai da na yi lissafi. Daga tagar ɗaki zuwa inda silin ya yi tabo taku huɗu ne. Na hau, na daidaita saitin taga, na yi taku huɗu a kan kwano. Kowane taku sai kwanon ya ce ɓam, ya lotsa, amma na ɗauka gaisuwa ce.

Na iso wurin, na durƙusa, na duba. Babu huda. Na goge da hannun riga, na kara ido, ko ta allura babu. Nan na gane cewa hudar irin mai wayon nan ce, don haka na yanke shawarar yi mata ƙawanya. Na jera kusoshi kewaye da wurin. A cikin kwarin kwanon na riƙa kafa su, domin a nan kusa take zama daram, a kan tudun kuwa sai ta yi ta zamewa tana neman yatsan mutum. Wasu na ji sun kama katako, wasu kuma suka wuce fit ba su tarar da kowa ba, sai na zare su na canza musu wuri. Na bi da kwalta na shafe, har da wadda ta shafi wandona da gemuna.

Ina gamawa na juya, babu tsani. Ashe yaron Alhaji an aiko shi ya karɓa, ya leƙo bai ga kowa a tsakar gida ba, ya saɓa abinsa ya tafi. Daga saman nan na ga unguwarmu yadda ban taɓa ganinta ba: rufi bayan rufi, wannan an danne shi da tsohuwar taya, wancan da bulo, wani da ƙafar keke. Na kuma ga hadari ya yi baƙi ƙirin yana tahowa. Na yi ta kwaɗa kira, uwargida tana kicin injin markaɗen maƙwabta yana ruri. Almajirai suka taru a bakin layi, ɗaya ya ce, "Baba, ka yi tsalle, za mu tare ka." Ta bishiyar mangwaro na sauko, ni da tururuwan da ke cikinta, kuma ba zan yi bayanin inda suka shiga ba.

Ruwan daren nan ya zo da ƙarfinsa. Inda ake da yoyo biyu aka samu jere guda, a zagaye, tsaf yadda na tsara. Silin ya kumbura ya yi tumbi kamar ɗan akuyar da ya faɗa buhun dusa, wajen sallar asuba ya rufto. Mutanen Kigo Road da sauran na bakin Kogin Kaduna, in ruwa ya shiga musu gida, aƙalla suna da kogin da za su nuna. Ni a kan tudu nake, ambaliyata daga sama ta zo.

Kafinta ya iso da jibin nasa, da yaronsa da tsaninsu. Na lura yana taka layin kusoshi kawai, inda katako yake a ƙasa, kwanon ko tari bai yi ba. Wurin aikina ko kallo bai ishe shi ba da farko. Ya haura can sama, inda rufin ɗaki ya haɗu da na falo suka yi kwari, ya sa hannu ya fara tono. Ganyen mangwaro da ya ruɓe ya zama taki, ledar ruwa, ƙwallon yara, silifas wari ɗaya da aka daki autanmu a kansa bara, har da wani ɗan tsiro mai ganye biyu da ya fara rayuwarsa. Ya ce ruwa in ya rasa hanya sai ya taru ya koma da baya, ya shiga ta ƙarƙashin inda kwano ya hau kan kwano, ya kama katako ya bi shi a hankali, sai inda ya gaji ya ɗiga. Tsakanin inda ya shiga da inda ya faɗo kan tumbina ya fi tsawon ɗakin. Tsintsiya ce maganin, in ji shi, a share kafin ruwan farko, a sake leƙawa a tsakiyar damina.

Sannan ya gangaro wurin ƙawanyata. Ya daɗe a tsugune.

"Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce wani ne.

"Kusa a cikin kwari, hanyar ruwa? Ai a kan tudu ake bugawa, kuma sai an saiti katako. Ga kwalta an shafa a kan jiƙaƙƙen kwano, dubi yadda take ɓarewa. Don Allah kada ka ƙara ba shi aiki. Ka biya shi?"

Na ce ai ya bar garin ma. Daga bayan labule uwargida ta yi wani tari mai tsawo, har sai da yaron kafinta ya ce mata sannu Hajiya.

Kwano biyu aka canza, da silin, da katako guda da gara ta cinye ta bar fatar, sauran ya shafe su da baƙin mai. Kafin ya tafi ya zagaya gidan ba tare da an roƙe shi ba. Ya nuna mini gindin bango inda fenti ke kumbura yana zuba, ya ce lambatun bayan gida ne ya cushe, ruwa ke kwana a jikin ginin, kuma sauron da ke cizonmu a nan ake haifarsa. Ya ce a janye durowa daga jikin bango, a buɗe tagogi duk ranar da rana ta fito. Da aka janye ta, takalmina na Sallah ya fito da furfurar funfuna, babbar rigata kuma tana warin rijiya.

A bakin ƙofa ya ga yadda take cijewa saboda danshi ya kumbura ta. Na ce wannan kam ƙaramin aiki ne, da yamma zan ɗan rage mata baki. Ya ce in na rage ta yanzu, hunturu na zuwa katako zai tsuke, kyanwa ma sai ta shige ta ƙasa ba sallama. Na ce zan duba lamarin.

Da yamman na nemi guduma da sauran kusoshin, sama ko ƙasa. Uwargida ta ce ita ba ta gani ba. Autanmu ya buɗe baki zai yi magana, ta cusa masa ƙosai.