Ranar da aka zaunar da kai a benci

Tun shekaranjiya raina yake a ɓace, kuma fushin da nake yi da manyan da suka ɗaure wa yaron gindi ya fi wanda nake yi da shi kansa. Ga abin da ya faru. Ɗan yayata ya tattara almakashinsa da tef ɗinsa ya bar shagon ɗinkin da ya shekara uku yana koyon aiki a ciki, saboda maigidansa ya ɗaga shi daga kan keke ya mayar da shi teburin guga, bayan ya yanka shaddar wani bawan Allah hannu ya gaza, ana saura mako biyu Sallah. Wanda aka ɗora a kan keken kuwa bai fi shekara guda da zuwa shagon ba. Da na kira ɗan yayar tawa, cewa ya yi, "Kawu, wallahi ba zan iya kallonsa a kan kekena ba." Wannan na fahimta, zuciyar yaro ce. Abin da na kasa fahimta shi ne iyayen da suka taru suna cewa an ci masa fuska, gara da ya tafi.

Babu wanda ya ci masa fuska. Benci aka zaunar da shi, kuma abin da mutum ya yi washegarin ranar da aka zaunar da shi a benci, shi ne ke nuna ko zai zama gwani.

Na koyi wannan ne daga kallon ƙwallon jami'o'in Amurka, irin wadda ake runguma a hannu ana gudu da ita. Ranar 8 ga Janairun 2018, a birnin Atlanta, Jami'ar Alabama ta kara da ta Jojiya a wasan ƙarshe na cin kofin ƙasa. An tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da maki 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Kocin Alabama, Nick Saban, ya cire jagoran 'yan wasansa mai jefa ƙwallo, Jalen Hurts, wanda a shekara biyu da ya yi yana jan ƙungiyar sau biyu kacal aka doke su, ya saka Tua Tagovailoa, ɗalibin shekarar farko. Sabon yaron ya ciyo musu wasan da maki 26 da 23. Wannan a gaban miliyoyin masu kallo aka yi shi, ba a cikin shago mai mutum biyar ba, kuma kyamara ta nuno Hurts a gefen fili yana taya wanda ya karɓe masa gurbi murna.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne daga baya. Hurts bai bar makarantar ba. Ya shafe kakar wasa guda yana na biyu, yana zuwa atisaye kullum, yana jefa ƙwallon da ba wanda zai tafa masa a kanta. Ranar 1 ga Disambar 2018, a wannan filin dai, da wannan Jojiyar dai, Tua ya ji rauni a ƙafa ana cin Alabama 28 da 21. Aka waiwayo benci, aka tarar da mutum a shirye. Ya shiga ya juya wasan, aka tashi 35 da 28. Da ya yi zuciya ya tafi tun a watan Janairu, da ranar ta zo ba ta same shi ba.

Za a ce mini ai daga baya ya tafi. Haka ne, ya koma Jami'ar Oklahoma a 2019, amma sai da ya kammala digirinsa, ya fita ta ƙofar gaba da mutuncinsa, kuma a Fabrairun 2025 shi ya jagoranci Philadelphia Eagles suka ɗauki babban kofin ƙwararru. Tafiyar wanda ya gama koyo daban take da tafiyar wanda fushi ya kora. Za a kuma ce waɗancan suna da tallafin karatu da kuɗi a gabansu, shi kuwa namu me yake samu? Wannan ba hujja ba ce, domin wanda ba shi da komai sai sana'ar hannunsa shi ya fi kowa buƙatar ya tsaya ya iya ta.

Saban yana da wata ƙa'ida da ya ɗora 'yan wasansa a kai: ko an ci ko an sha kashi, awa 24 aka ba ka ka yi murnarka ko baƙin cikinka, daga nan sai a koma bakin aiki. Ya kuma hana su zuba wa allon maki ido, yana so kowa ya mai da hankali kan abin da ke gabansa a wannan daƙiƙar. Mutumin da ya ɗauki kofin ƙasa sau bakwai ke nan kafin ya yi ritaya a Janairun 2024, kuma shekararsa ta farko a Alabama, 2007, sau shida aka doke shi. Da yaronmu ya samu babba guda ɗaya da zai ce masa, yi kukanka yau, gobe da sassafe ka je ka hura gawayin dutsen guga, da yanzu yana shago. A teburin gugar nan ne ake ganin kowace riga da aka ɗinka a shagon, ana ganin inda kafaɗa ta zauna da inda ta ƙi zama, kuma wannan shi ne ainihin darasin da yaron ya kasa.

Na je shagon jiya da yamma. Maigidan bai ɗaga murya ba, ya nuna mini ƙusar da yaron yake rataye tef ɗinsa, ya ce bai ba kowa wurin ba. Sannan ya ɗauko shaddar da aka ɓata ya shimfiɗa a gabana. A duk surutun da aka yi a gidanmu kwana biyun nan, ban ji wanda ya tambayi halin da mai shaddar yake ciki ba, mutumin da wataƙila ya yi wata da watanni yana tara kuɗin yadi biyar ɗin nan. Na biya rabin kuɗin sabuwa, kuma ranar Asabar in Allah ya kai mu zan riƙo hannun yaron mu je tare ya kai masa da kansa.