Tarkon snprintf a kanel ɗin Linux: sauya kayan aiki ya fi jan kunne

Kowace wayar Android da ke hannunmu kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura, shi ne ke riƙe da ragamarta, kuma da harshen C aka rubuta mafi yawansa. A wannan harshe, zuba rubutu cikin gurbin ajiya na iya kayar da gwani.

Ga snprintf, umarnin da ke zuba rubutu cikin gurbin ajiya. Ka ba shi gurbi mai bayit 16, wato wurin haruffa 16, ka ce ya zuba haruffa 40. Zai zuba 15, ya rufe da alamar ƙarshe, lafiya lau. Amma lambar da zai mayar maka 40 ce, wato abin da zai rubuta da a ce wurin ya isa. Mai rubuta manhaja ya yarda da ita, ya matsa gaba, ya cire 40 daga 16 don ya ga sauran wuri. Irin lambar da ake auna girma da ita ba ta sauka ƙasa da sifili, sai ta juye ta zama wata gagaruma. In babu shinge, rubutu na gaba kuma ya nufi gonar wani.

An daɗe ana cewa a kula. Ni ban yarda kula kaɗai ta isa ba a aikin da dubban hannaye ke taɓawa. Shi ya sa nake goyon bayan scnprintf, mai faɗin abin da ya rubuta a zahiri, da sysfs_emit, mai irin wannan aiki a fayilolin da kanel ke nuna bayanansa, da ya shigo a 2020, da kuma cire strlcpy, umarnin kwafar rubutu mai irin halin snprintf, ɗungurungum a Linux 6.8 cikin 2024, bayan strscpy ya maye gurbinsa. Akwai masu ƙorafin cewa irin wannan gyara yana taɓa ɗaruruwan fayiloli, kuma shi ma yana iya jawo sabon kuskure. Gaskiya ne, amma wahala ce mai ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne gargaɗi. Kanel yana da shinge: idan waccan gagarumar lamba ta iso, sai ya ƙi rubutawa, ya yi kuka da WARN_ON_ONCE, umarnin da ke yin gargaɗi sau ɗaya. Madalla. To amma masu manyan na'urori da yawa suna kunna panic_on_warn, wanda ke tsayar da na'ura cak da zarar an yi gargaɗi. Ke nan duk gargaɗin da wani na waje zai iya tayarwa da gangan ya zama hanyar kashe na'urar jama'a. A bar WARN ga abin da bai kamata ya taɓa faruwa ba. Idan bayanin da mai amfani ya turo ne ya lalace, a mayar masa da lambar kuskure, in ya kama a rubuta layi ɗaya da pr_warn_once, wanda saƙo kawai yake ajiyewa ba ya tsayar da na'ura, aiki ya ci gaba.