Ciwon da ba ya barin tabo

Sojan da harsashi ya fasa wa ƙafa ba ya shan wahalar bayani. Tabo yana nan, likita ya gani, a rubuta. Wanda nake tausayi shi ne wanda ya dawo gida garau, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sai bayan shekara goma numfashi ya fara gagararsa. Shi ake cewa ya kawo hujjar cewa aikin soja ne ya jawo masa.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda suke kira VA, tana auna nakasa daga kashi 0 zuwa 100, goma-goma, ta biya kuɗin wata gwargwadon haka. Kafin a biya ka sai ka haɗa abu uku: likita ya tabbatar kana da ciwon, akwai shaidar abin da ya same ka a bakin aiki, sannan a nuna cewa wancan ne ya haifi wannan. Na ukun nan ne gizo ke saƙa.

Ku dubi waɗanda suka yi Iraƙi da Afganistan. A sansanoni irin na Balad da ke Iraƙi, rami ake haƙawa a zuba tayoyi, robobi, batura, sharar asibiti, a antaya man jirgi a cinna wuta. Dare da rana hayaƙin na bi ta kan tantunan da suke kwana. Da suka fara zuwa da ciwon huhu da daji iri-iri, aka yi ta watsi da mafi yawan buƙatunsu, wai babu hujja. To don Allah, wa ya auna hayaƙin da kurtu ya shaƙa a 2005? Shi da bindiga aka ba shi, ba ma'auni ba. Duk wani rubutu na inda aka tura shi da abin da aka ƙona yana hannun gwamnatin da ke ce masa ya kawo hujja. Kuma takardun ma ba tabbas gare su ba: gobarar da aka yi a ma'ajiyar bayanan sojoji ta St. Louis a 1973 ta cinye fayil sama da miliyan 16.

Hanyar ɗaukaka ƙara tana nan, ban musa ba. Tun 2019 wanda aka hana yana da ƙofa uku: ya kawo sabuwar hujja, ko ya nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, ko ya tafi gaban alƙalan hukumar ɗaukaka ƙara. Idan ya motsa cikin shekara ɗaya, kuɗinsa na baya ba sa faɗuwa. Bayan nan akwai kotu ta musamman da aka kafa a 1988. A takarda tsari ne mai kyau. Amma mutumin da ke jan tukunyar iskar numfashi, matarsa ta bar aiki tana jinya, da wane ƙarfi zai yi shekaru yana bin fayil?

Shi ya sa a ganina dokar PACT ta 2022 ta fi duk waɗannan ƙofofi amfani. Ta jera cututtuka sama da 20 ta ce idan ka yi aiki a wuri kaza a lokaci kaza kuma kana da ɗaya daga cikinsu, an ɗauka aikin ne sila, magana ta ƙare. Nauyin hujja ya sauka daga kan mara lafiya. Abin da ya fi ba ni haushi, ba yau aka san wannan dabara ba. An yi wa sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam haka a 1991 kan gubar Agent Orange da aka fesa a dazuzzuka, shekara 20 bayan an daina feshin. Hawan jini kuwa bai shiga jerin nasu ba sai 2022. Ku ƙirga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna jira.

Ita kanta PACT ɗin sai da tsofaffin sojoji suka kwana a matakalar majalisa kafin sanatoci su amince. Sunan Saje Heath Robinson aka sa mata, wanda ya yi Iraƙi, dajin huhu ya kashe shi a 2020 yana ɗan shekara 39. Ranar 10 ga Agusta 2022 da shugaban Amurka na lokacin, Biden, ya sa hannu, 'yar Robinson ƙarama ce aka miƙa wa alƙalamin.