A fara da batir, inji ya biyo baya

Malam, sannu da ƙoƙari, amma ban gamsu da shawararka cewa mai sayen keken lantarki ya fara duba ƙarfin inji ba. Batir ne ya fi komai tsada a jikin keken, kuma shi ke fara gajiya.

A duba takardar da ke manne a jikin batirin. In an rubuta 36V da 10Ah, a ninka su, 360Wh ke nan, wato yawan wutar da batirin ke iya riƙewa. Wannan adadin ne ke nuna nisan da zai kai ka. Kilomitocin da ake zayyanawa a kwali kuwa, yawanci a shimfiɗaɗɗiyar hanya ake gwada su, mahayi yana taka feda. Ka ɗora kaya, ka hau tudu, sai ka ga caji ya zube tun ba a je ko'ina ba. Sannan ka tambayi mai sayarwa: in batirin ya mutu, ana samun irinsa? Abin takaici ne lafiyayyen keke ya zauna a jingine don an rasa batirin da zai shiga mazauninsa.

Inji mai ƙarfin wat 250 (250W) ya ishi mai zirga-zirgar cikin gari. A Tarayyar Turai ma iyakar ke nan, kuma injin kan daina taimako a gudun kilomita 25 a awa.

Caji ne ya fi damuna. Batirin lithium, irin wanda aka fi sa wa waɗannan kekuna, kan kama da wuta in ya kumbura ko aka jona shi da cajar da ba tasa ba. Don Allah kada a bar shi a jone a bakin ƙofa mutane suna barci.